Kwafi Na Goma Sha Bakwai

Ranar Laraba da hantsi, ina cikin shagona ina fama da injin fotokofi da ya cije takarda, sai ga Malama ta shigo ba ko sallama. Wanda ya san Malama ya san wannan ba halinta ba ne. Shekara talatin ta yi tana koyarwa kafin ta yi ritaya, mace ce da ko akuya ta tarar a ɗaki sai ta yi mata sallama. Ta ajiye wayarta a kan teburina ta ce, "Duba."

Na duba. Littafinta ne, wanda ta kwashe shekara uku tana rubutawa, wanda muka fara sayarwa ta waya kwana tara da suka wuce, ga shi nan kwance a wani gurup na masu karatun banza. Wata ce ta turo shi, ta rubuta a ƙasa, "Ga na dubu biyun nan, ku sha karatu, ku sa ni a addu'a." Masu yi mata godiya sun fi ɗari.

"Gurup huɗu aka nuna min tun safe," in ji Malama. "Tun jiya da azahar ko mutum ɗaya bai saya ba. Kai ne Mai Sawu, sai ka nemo min wanda ya yi min wannan."

Mai Sawu sunan da marubuta suka laƙaba min ne, kuma ba zan ɓoye ba, ina jin daɗinsa. Aikina buga takardu da tsara littattafai. Marubuci ya kawo min rubutunsa, in gyara shi ya zama littafin karantawa a waya, duk wanda ya biya in tura masa nasa. Abin da ya bambanta ni da sauran masu wannan sana'a shi ne, ba na tura wa mutum biyu kwafi iri ɗaya. A littafin Malama, cikin babi na huɗu, akwai wurin da jarumar ta kama ɗakin haya, aka faɗi lambar da ke jikin ƙofar. To wannan lambar nake canjawa. Mai saye na farko ƙofarsa lamba ɗaya, na biyu lamba biyu, haka har zuwa ƙarshe, ina rubuta sunan kowa da lambarsa a wani ɗan littafi da ke cikin durowata. In littafi ya fita, ba sai na bi wa ya tura wa wa ba. Ƙofar nan kawai zan duba. Da wannan dabarar na kama mutum shida a shekara biyu.

Amma ranar, da na ɗauki wayar Malama, sauri kawai nake yi. Ban karanta komai ba, kalmar ƙofa kawai na nema, layin ya fito. Lamba goma sha bakwai. Sai na sauke ajiyar zuciya. A lokacin ban tsaya na tambayi kaina murnar me nake yi ba.

Na buɗe durowa na duba. Goma sha bakwai, mai ɗinki.

"Anti mai ɗinki?" Malama ta dafe ƙirji. "Ita fa tun ina rubuta gajerun labarai kyauta take tare da ni. Bari in kira ta in ji."

"Malama, kina kiranta za ta goge shaida," na ce. "Rana dubu ta ɓarawo, rana ɗaya ta mai kaya. Lamba ba ta ƙarya."

Ni na rubuta saƙon da hannuna, na saka a gurup ɗin masu karatun Malama, mutum ɗari huɗu da 'yan kai. Na ce kwafin da aka fitar na mai ɗinki ne, mun ba ta amana ta ci. Malama ta cire ta daga gurup ɗin kafin azahar.

* * *

Gurup ya kama da wuta. Waɗanda jiya suke zargin juna, kowa yana cewa wance ce, wane ne, yau sun samu wuri ɗaya na zuba. Har da waɗanda na san ba su sayi littafin ba, su suka fi kowa zafi. Wata ta ce tun da ta ga yadda take yanka yadi ta san hannunta ba shi da tsarki.

A nan ya kamata in faɗi wani laifin nawa. Farashin nan na dubu biyu ba Malama ta sa ba. Ita ɗari biyar ta ce, kamar yadda aka saba. Ni na ce mata araha ba ta ado, shekara uku ba wasa ba ce, mutum ɗari huɗun nan da ke yi mata kirari kullum za su saya ko nawa ne. Abin da ban faɗa mata ba, ni kashi ɗaya cikin goma nake ɗauka, kuma ɗaya cikin goman dubu biyu ya fi na ɗari biyar daɗin ji. Da littafin ya fito, masu kirari suka yi tsit. Mutum sittin da uku suka saya.

Kwana biyu bayan korar mai ɗinki, Malama ta kira ni. Ta ce zuciyarta ta ƙi kwanciya, in je in ji daga bakin matar, ko da wa ta fara tura wa ne. Na tafi ina hura hanci.

Shagon nata ɗan ƙarami ne, keken ɗinki biyu, benci ɗaya, da igiyar da ake rataye kayan da aka gama. Igiyar nan ba komai a kanta sai maratayai. A ƙasa kuma ga ƙyallaye shuɗi da fari tari guda, amma babu yadin da aka yanke su daga jiki.

Na yi sallama. Ta amsa, ta nuna min benci, ba ta ɗaga murya ba.

"Ka ga ƙyallayen nan?" in ji ta. "Kayan makaranta ne, na yara tamanin. Mai makarantar tana cikin gurup ɗinku. Jiya ta turo aka kwashe, har waɗanda na riga na yanka. Ta ce ba za ta bar yadinta a hannun macuciya ba. Shekara shida ni nake yi musu."

"Anti, ni dai lamba na gani."

"Na ji. To bari in faɗa maka laifina, in laifi ne. Ba ni da dubu biyun da zan zuba a kan labari. Mu biyar muka haɗa, ɗari huɗu huɗu, da ni da mai kitson nan ta gefe da wasu maƙwabta uku. Kun ce kar a tura wa kowa, ban tura ba. Kullum bayan la'asar suna zuwa su zauna a bencin nan da kake kai, ni in karanta musu da baki, babi ɗaya a rana. Ji muryata, har ta dishe. Da turawa nake yi, me zai sa in wahalar da maƙogwarona?"

Na ce ko ba ta tura wa kowa ba, wataƙila ɗaya daga cikinsu ta ɗauki wayar.

"Biyu daga cikinsu ƙaramar waya ce da su, mai tocila. Kuma ka gaya min, ɗana, in littafin takarda na saya, ba nawa ba ne? In ara wa wanda na ga dama, in na gaji in sayar. Wannan kuwa na biya kuɗi, amma ko 'yar uwata ba ni da ikon ba ta. Duk da haka na bi dokarku."

Na tambaye ta ko wayar ta taɓa barin hannunta. Ta ce makon jiya wurin caji ya lalace, ta kwana biyu a wurin mai gyara.

Na miƙe da sauri. Biri ya yi kama da mutum.

* * *

Mai gyaran wayar yana da tebur a ƙarƙashin matattakalar wani bene, da gilashin ƙara gani rataye a wuya, da tsohuwar kwamfuta wadda yake tura wa mutane finafinai da waƙoƙi da ita. Kowa a layin ya san in ka bar masa waya, sai ya leƙa abin da ke ciki.

"Littafi?" ya ce, ya tuntsire da dariya. "Yallaɓai, dubi layin nan da kyau. Wa zai tsaya a teburina ya ce in tura masa littafi? Fim ake so, mai faɗa."

"Amma kana kwashe abin da ke wayar mutane."

"In zan wanke waya, in goge komai na cikinta, nakan kwashe, in mayar. Ta Anti kuwa wurin caji kawai na canja." Ya ɗan sosa ƙeya. "To, na kunna ta don in gwada, na ga hotunan ɗinki, na nuna wa matata wani ɗinkin riga. Iyakarta ke nan, wallahi."

"Littafin dubu biyu ne," na ce, ina kallon idonsa.

"Dubu biyu! Abin da in waya ta faɗa bokiti ya tafi? Ni ko ɗari ba zan bayar ba." Sai ya lura da irin kallon da nake yi masa, dariyar ta ɗauke. "Kar fa ka ɗora min abin da ban ji ba ban gani ba. Da amana nake cin abinci a nan."

Da amana! Na bar wurin ina murmushi. Mutum ya amsa da bakinsa cewa ya leƙa wayar, ga kwamfuta, ga hali da kowa ya sani. Na kira Malama na ce ta tara mutane ranar Lahadi da yamma a falonta, da mai ɗinki, da mai gyara, da wata marubuciya da nake son in gani kafin nan. Na ce mata na kusa ƙure sawu.

* * *

Marubuciyar nan Ɗari Uku ake ce mata, don duk littafin da ta rubuta, dogo ko gajere, ɗari uku take sayarwa. Ta rubuta sama da talatin. Ranar da muka sanar da farashin Malama, ita ta fara rubutawa a gurup cewa ko shafukan na zinariya ne. Na yi zaton ko ita ta sa mai gyara ya sato mata, don ta nuna wa duniya gaskiyarta.

Na same ta ranar Asabar a kantin kayan kwalliyarta, tana rubutu a waya da babban yatsa ɗaya tana ba mai saye canji da ɗaya hannun.

"Mai Sawu, yau ni aka biyo?" ta ce. "Zauna, amma kar ka taka min kwalin turare."

Na tambaye ta kai tsaye. Ta yi tsaki.

"In sa a sace littafin Malama in ci me? Ku kuka kashe littafin nan tun ranar da kuka sa masa kuɗi. Ka san da me mai karatu yake auna littafin waya? Ba da wahalar marubuci ba, da kuɗin data. Ɗari uku, mutum zai ji kunya a ce ya saci abin ɗari uku. Ɗari biyar, zai yi gunaguni ya biya. Amma dubu biyu? In ya same shi a banza ji zai yi kamar ya rama. Nawa ma ana sacewa, amma kafin a sace mutum dubu sun saya."

"Ke kin saya?"

"Allah ya kiyaye. A banza na karanta, kamar kowa, ba zan yi maka ƙarya ba." Ta ajiye wayar. "Kuma littafin ya yi kyau, har na yi kuka a wurin da uwar ta dawo. Sai dai Malama akwai dogon zance. Shafi ɗari huɗu da goma sha biyu! Yatsana har ya gaji da ja."

"Shafi nawa?"

"Ɗari huɗu da sha biyu. Ko da yake rubutun manya-manya ne, kamar na 'yan aji ɗaya. Wannan kam kun kyauta wa tsofaffi."

Ni na tsara littafin nan da hannuna, na san shi kamar yunwar cikina. Shafinsa ɗari biyu da sittin da takwas ne.

Ban san yadda na yi mata sallama ba. Na taka kwalin turaren kuwa, na ji tana zagina a baya.

* * *

Na koma shago na rufe ƙofa, na buɗe kwafin da aka sace a kwamfuta, wannan karon gaba ɗayansa. Rubutu ɓaro-ɓaro, layi goma sha biyu a shafi. Ranar Laraba ban lura ba, don a waya kowa yana jan rubutu da yatsa ya ƙara masa girma, kuma layi ɗaya tak na kalla. Na buɗe wanda na tura wa mai ɗinki. Ƙananan haruffa, shafi ɗari biyu da sittin da takwas. Lambar ƙofa ɗaya ce, amma ba kwafinta ba ne ya fita.

Kwafi mai manyan haruffa guda ɗaya ne a duniya, kuma na san wanda ya yi shi.

Rana ta biyu da fara ciniki, ina gama tura wa mai ɗinki nata, matata ta kira ni. Ta ce mahaifiyarta, wadda aka yi wa aikin ido wata biyu da suka wuce, zaman gida ya ishe ta, ko ina da wani labari da za ta riƙa dubawa. Wane ne ba ya son ya yi bajinta a gaban suruka? Na ce yanzu kuwa. Na ƙara wa rubutun girma, na tura mata, ban biya ba, ban gaya wa Malama ba, ban rubuta a littafin durowa ba. A raina ainihin rubutun na buɗe, wanda ƙofarsa ba ta da lamba. Ashe wanda ke buɗe a gabana na taɓa, na goma sha bakwai.

Abin da ya sa ni sauri ke nan ranar Laraba. Tsoro nake ji kar in duba in ga ƙofa marar lamba. Da na ga lamba, sai na ji na tsira, na yi sauri na jefa wa matar mutane dutse kafin in sake tunani. Mai kaza a aljihu ba ya jimirin as. Na daɗe zaune ina kallon kwamfutar, ina jin ƙyamar kaina.

Da yamma na je gidan surukata. Na same ta a tsakar gida kan tabarma, da baƙin tabarau, tana tsince wake. Na durƙusa na gaishe ta, muka taɓa hira, sannan na kawo zancen littafin a hankali.

"Kai, Allah ya yi maka albarka," ta ce. "Labarin nan ya ɗebe min kewa. Ranar da na koma asibiti a duba idon, muna layi, wata baiwar Allah ta leƙo ta ce wannan rubutu ya yi mata daidai, ita duk na waya ba ta iya gani. Na ba jikarta wayata na ce ta tura mata. Wata ma ta ce tana so. Mu huɗu ko biyar ne."

"Mama, na sayarwa ne fa."

"Na sayarwa?" Ta cire tabarau. "To ai kai kyauta ka ba ni, na zaci abin rabawa ne. Nawa ake sayarwa?"

Na faɗa mata. Ta riƙe haɓa.

"Dubu biyu, abin da ko takarda babu? To da ka faɗa min, ai da ban karɓa ba." Ta dube ni sosai. "Ko na jawo maka wani abu ne?"

Na ce a'a, ba komai. Me zan ce wa tsohuwar da ta ga masu ciwo irin nata ta taimaka musu?

A gida na gaya wa matata duka. Ta ce, "Don Allah kar sunan Mama ya shiga bakin mutanen nan. Ka ga yadda suka yi wa mai ɗinki." Can kuma ta ƙara da cewa, "Ba ka ce mai gyaran ya amsa ya leƙa wayar ba?" Duk mun san abin da take nufi.

* * *

Ranar Lahadi bayan la'asar muka taru a falon Malama. Ta jera kofunan shayi, ba wanda ya taɓa. Mai ɗinki ta zauna a bakin kujera da jakarta a cinya. Ɗari Uku ta ɗora ƙafa ɗaya kan ɗaya tana jiran kallo. Mai gyara ya zo cikin wankakkiyar riga, ya tsaya a bakin ƙofa har sai da aka ce ya zauna.

Hanya a buɗe take gabana. In na ce mai gyara ne, mai ɗinki ta wanku, surukata ta tsira, sunana na Mai Sawu ya ƙara tsawo. Ba wanda zai ƙirga shafi. Ɗari Uku da ta ba ni shaidar ma ba ta san ta ba ni komai ba.

"To, muna jinka," in ji Malama.

Na fara da cewa Anti ba ta tura wa kowa littafin ba, na tabbatar. Malama ta rufe fuska da tafin hannu. Na ce wayar Anti ta kwana biyu a wurin gyara. A nan na tsaya in haɗiye yawu, kuma tsayawar nan ta isa. Duk idanu suka koma kan mai gyara.

"Ashe kai ne," in ji mai ɗinki. "Na ba ka amanar wayata ka ci. Ka san abin da ka jawo min? Allah ya isa tsakanina da..."

"Anti, wallahi tallahi," ya ce, ya miƙe tsaye, yana juya hula a hannu. "Ina da 'ya'ya uku. In wannan magana ta shiga layinmu ba mai sake kawo min waya."

Mun ba ta amana ta ci. Maganata ce, ga ta ta fito daga bakin wadda na yi wa ita, za ta faɗa kan wani. Na miƙe tsaye ni ma.

"Ba shi ba ne," na ce. "Anti, janye Allah ya isarki, ba shi ba ne. Ni ne."

Na fito da waya na nuna musu kwafi biyun, na Anti da wanda ya fita, na ce su dubi yawan shafi. Na faɗi yadda na ƙara girman rubutu na ba wata tsohuwa a danginmu kyauta, ba da sanin Malama ba, ita kuma ta raba wa marasa lafiya a layin asibiti don ba ta san na kuɗi ba ne. Na faɗi abin da ya sa na hana Malama kiran Anti. Tunda na fara, na haɗa har da maganar farashi da kashi ɗaya cikin goma. Ban ɗaga kai ba har na gama.

Ɗari Uku ce ta fara magana. "Ikon Allah. Mai Sawu ya bi sawu har ƙofar ɗakinsa." Ba wanda ya yi dariya, ita ma ba ta ƙara ba.

Mai gyara ya sa hularsa. "Da ka yi shiru, da yanzu ni ne ɓarawo ko?" Na ce e. Ya gyaɗa kai ya fita, bai yi wa kowa sallama ba.

Malama ba ta yi faɗa ba, kuma da ta yi da ya fi min sauƙi. Ta ce in buɗe gurup a gabansu in rubuta gaskiya da sunana, kamar yadda na rubuta ƙarya da sunan wata. Na rubuta, ta karanta, ta ce in ƙara cewa ni na hana a ji ta bakin Anti. Na ƙara, na tura. Sannan ta ce gobe in kawo mata duk rubutunta da ke kwamfutata, mun gama aiki tare. Ta juya ga mai ɗinki, tsohuwar malama da furfurarta, ta durƙusa har ƙasa ta ce ta yafe mata.

"Tashi, Malama, don girman Allah," in ji mai ɗinki. "Ke an gaya miki ne."

Malama ta kira mai makarantar nan take, ta sa wayar a fili kowa yana ji. Matar ta yi salati, ta ba da haƙuri, ta ce amma kayan ta riga ta ba wani tela, har ya ɗinka rabi. Sai dai baɗi, in Allah ya kai mu.

Wayata ta yi ƙara. Amsa ta farko ce daga gurup, ƙasan saƙon da na tura. Wata ce ta rubuta, "Allah ya kyauta. Don Allah wa ke da mai manyan haruffan? A turo min."

Mai ɗinki ta miƙe ta rataya jaka. Na bi ta har waje, na tsaya a gabanta. Na ce zan je wurin mai makarantar da kaina, zan bi duk wanda ya kwashe ɗinkinsa gida gida. Ta ce in je, wannan dole ne. Sai wauta ta sa na zura hannu a aljihu na fito da dubu biyu, na ce ko kuɗin littafin ne ta karɓa.

Ta kalli kuɗin, ta kalle ni.

"Mayar da abinka, ɗana. Na saya, na biya, ba na neman canji. Mutum nawa suka karanta shi a banza?"

"Sun fi dubu, Anti."

"Sun fi dubu," ta ce. "A cikinsu duka ba wanda aka kira ɓarawo. Sai ni da na biya."

Ta gyara mayafinta ta tsallaka titi, ni kuma na tsaya da kuɗin a hannu.